AN SAUYA MUDU, YUNWA TANA NAN

Ya 'yan uwa matasa! A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tashin farashi ya kai kashi 34.80 cikin ɗari. A Janairun 2025 sai ga shi ya koma 24.48. Shin gero ne ya faɗi warwas a Dawanau cikin kwana talatin? Ina! Shekarar da ake awo da ita aka sauya, daga 2009 zuwa 2024. Mahukunta suka yi ta tafi, magidanci kuwa ya koma gida da ledarsa rabi.

Ba yau farau ba. A 2014 aka sake lissafi, aka wayi gari wai Nijeriya ce kan gaba a arzikin Afirka, dala biliyan 510. To, na waye? Idan attajiri ya ci kaji goma, maƙwabtansa tara suka kwana da yunwa, biro zai ce kowa ya ci kaza guda!

Da hukumar ta auna da abinci, ruwan sha, makaranta da asibiti a 2022, sai asiri ya tonu: mutum miliyan 133 na cikin ƙunci, a Sakkwato kashi 91 cikin ɗari. Maganin da aka gabatar a 2023? Naira 25,000 sau uku, bayan cire tallafin mai. Wannan ai wasa da hankali ne!

Don haka ɗan uwa, ɗauki biro ka zaga unguwarku. Ƙirga gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu, da yaran da ba sa aji, da famfon da ya ƙafe. Ku kai wa kansila da ɗan majalisarku, ku tambaye su: a kasafin bana, ina rabon waɗannan?