Ƙibar Yara: Gado ce ko Tuwo?

A ƙasar Tambuwal da Kebbe uwa takan yi alfahari da ɗa mai kumatu, domin tamowa ce abar tsoronta. Ba a ga laifinta ba. Amma fa ƙiba ma cuta ce, kuma tana bin jini. A 2007 masana a Ingila suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna FTO. Sai a 2015 aka fahimci cewa yana zuga wasu ƙwayoyin ne, IRX3 da IRX5, su sa jiki tara kitse. To, galibin waɗanda aka bincika Turawa ne. A ganina, ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta auna namu yaran, masu shan fura da kunu, kafin a yanke musu hukunci da binciken Turai.