Binciken Filin Jirgi: Wa Yake Kamawa, Wa Yake Bari?

Duk wanda ya taɓa raka mai tafiya Umara ko sarin kaya Dubai daga nan Magariya ko Dungas ya san labarin da ake dawowa da shi. An cire wa Hajiya awarwaro da sarƙa, an kwance ƙullin yaji da kuka, an karɓe kwalbar humra an jefa a kwando. Mafi yawan mutanenmu ta filin jirgin Malam Aminu Kano suke tashi, domin Kano ta fi mana kusa da Yamai nesa ba kusa ba. To tambayar da ya dace mu yi ita ce, wannan wahala da muke sha a bakin na'ura tana hana mugun abu shiga jirgi, ko kuwa talaka kawai take gajiyarwa?

Mu 'yan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan magana. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Injamena a kan hanyarsa ta zuwa Paris, ya tarwatse a sararin hamadar Tenere, mutum 170 da ke ciki babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna bam ɗin a cikin akwati yake, wato cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi. A 1999 wata kotu a Paris ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu. Haka kuma a watan Oktoba 1993 wasu samari huɗu da ke adawa da soke zaɓen Abiola suka yi fashin jirgin Nigeria Airways da ya tashi daga Legas za shi Abuja, suka sauke shi a Yamai, sai bayan kwanaki jandarmominmu suka kutsa suka kama su, aka yi asarar rai ɗaya. Waɗannan samari ta ƙofar fasinja suka shiga kamar kowa.

Gaskiya ɗaya ce, binciken yana da amfani. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen Amurka fiye da 130. Da aka fara binciken kowane fasinja da jakarsa a farkon 1973, abin ya ragu ƙwarai. Na'ura tana ganin ƙarfe, kuma mai niyyar ɗaukar bindiga ya san za a gan shi. Wannan tsoro shi ne babban aikin da binciken yake yi, ko da ba a kama kowa ba.

Amma idan muka duba da kyau za mu ga kusan kowace doka sai bayan ɓarna take zuwa. Mutum 19 da suka kai harin 11 ga Satumba 2001 sun bi ta bincike da wuƙaƙensu, daga baya ne aka ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa. A Disamba 2001 wani ɗan Ingila ya ɓoye bam a takalmi, aka koma cire takalmi, dokar da Amurka ba ta janye ba sai a 2025. A 2006 aka gano shirin amfani da ruwa a Landan, sai aka hana shiga da kwalbar da ta wuce mililita 100 a jakar hannu. Wannan ce dokar da ke cinye mana humra da man shafawa.

Misali mafi kusa da mu shi ne na Umar Faruk Abdulmutallab, wanda mahaifinsa mutumin Funtuwa ne a jihar Katsina. Ranar 25 ga Disamba 2009 ya shiga jirgin Amsterdam zuwa Detroit da hodar bam a ɗinke cikin kamfai, bayan ya wuce binciken Legas da na Holan. Hodar ba ƙarfe ba ce, na'ura ba ta yi ƙara ba. Bam ɗin ne ya ƙi tashi, fasinjoji suka danne shi. Abin lura shi ne, tun a watan Nuwamba mahaifinsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya faɗi damuwarsa game da ɗan nasa, amma ba a hana yaron hawa jirgi ba. Maganar uba ta fi na'ura gani, sai dai ba a yi aiki da ita ba. Ko a Amurka mai kuɗi, gwajin sirri da gwamnati ta yi a 2015 ya nuna jami'anta sun wuce da makamai da bama-baman ƙarya sau 67 cikin 70.

Babbar kafar kuwa ita ce ta na gida, domin masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Fabrairu 2016 a Mogadishu, ma'aikatan filin jirgi ne aka gani a hoton kamara suna miƙa wa fasinja kwamfutar da ke ɗauke da bam, ta fashe ta huda jikin jirgin. Fasinja ana laluben aljihunsa, amma mai lodin kaya da mai shara da mai manna takarda a jikin jaka, wa ke binciken su?

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba a Madina, wadda ta tashi daga Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ɗauke da sunanta an same ta da ƙwayar taramol. Hukumar NDLEA ta Najeriya ta gano cewa wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka manna sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilu 2019, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya ke kaiwa ga kisa. Ita ta samu masu tsaya mata. Idan da mai sayar da atamfa ce daga ƙauyen Dungas, wadda ba ta jin Larabci ko Turanci, wa zai ji kukanta?

Saboda haka akwai abin da ke hannunmu. Mu ɗaure kayanmu da kanmu. Mu ƙidaya jakunkunanmu a gaban mai awo, mu duba takardun da aka manna a bayan tikiti ko fasfo, idan jaka biyu muka kawo kada mu yarda mu ga takarda uku, kuma mu adana su har mu dawo gida. Mu ɗauki hoton kowace jaka da waya. Kada mu sayar wa kowa ragowar kilonmu, kada mu bar ajan ya auna mana kaya muna waje. Saƙon da aka ba mu, ko na maƙwabciya ne, a buɗe shi a gabanta. Mun san al'adarmu tana jin nauyin haka, amma kunyar minti ɗaya ta fi zaman kurkuku a ƙasar wasu. Goro kuma haramtacce ne shiga da shi Saudiyya, komai riba.

Hukumomin ƙasashen biyu su ma da nasu. A binciki ma'aikaci kamar yadda ake binciken fasinja, a sa kamara inda ake awo da lodin kaya, a samar da isassun mata masu binciken mata, a kuma yi bayani da Hausa a gidajen rediyo kafin lokacin aikin Hajji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Magariya da Dungas su ne ya dace su kai wannan buƙata, tun da 'ya'yansu ne ke kan hanya. Jami'in da ya karɓi na goro ya kawar da kai daga jaka guda ya rushe aikin na'urar miliyoyi. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.