Gwiwar Manomi Ita Ce Jarinsa

Jama'ar Kwatarkwashi, da ku na Bunguɗu da Tsafe da ƙauyukan Gusau! A wannan karo maganarmu kan ciwon gaɓɓai ne, wanda wasu ke kira amosani, wasu sanyin ƙashi. Ba ya kashe mutum nan take, shi ya sa manya ba su damu da shi ba. Amma manomin da gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa ya rasa damina. Tsohuwar da yatsunta suka sandare ta bar kaɗi, ta bar daka, har zaman tahiya sai da taimako.

Ku sani ciwon nan iri-iri ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi saboda shekaru da aikin ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ke fama da shi. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ke yi wa gaɓɓai ɓarna da kanta, ya fi kama mata, in ba a tare shi da wuri ba sai yatsu su karkace. Kowanne da maganinsa, kuma likita ne ke rarrabewa.

To, ina likitan? Yana Gusau, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ga kuɗin mota, ga wuni a layi, ga hanya da fargabar 'yan bindiga. Sai talaka ya haƙura ya sayi ƙwaya wurin mai talla a kasuwa. Nan hatsarin yake. Ƙwayoyi irin su diclofenac, in aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, suna kawo gyambon ciki, suna lalata ƙoda. Irin su dexamethasone kuwa suna kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon suga, su raunana ƙashin da ake son gyarawa.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ƙudura. Wayar hannu ta shigo ƙasar nan tun 2001, yau har ana ganin fuskar mai magana. Za mu sa irin wannan waya a asibitin kowace mazaɓa, da wutar hasken rana, da ma'aikacin lafiya wanda aka horar. A ware rana guda a mako. Majinyaci ya zo da ƙafa ko bisa jaki, ma'aikaci ya auna shi, ya nuna gaɓar, likita daga Gusau ya duba, ya yi tambaya da Hausa, ya rubuta magani, ya koya motsa jiki. Mata kuma mace ce za ta tsaya musu.

Ba mu yaudarar kowa. Waya ba ta ɗaukar hoton ƙashi, ba ta yin tiyata. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan sai babban asibiti a ranar. Amfanin waya shi ne a san wa zai tafi, wa zai zauna gida. Kuma ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro. Don haka dole a riƙa ajiye bayanin kowa a littafi, da magani a ɗaki, ko da layi ya ɗauke.

Masu cewa ba kuɗi, a tambaye su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. A Abuja kuma, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi. Haƙƙinku ne, ba alfarma ba.

Duk ɗan takarar da ya zo da taliya da sabulu, ku tambaye shi: yaushe likita zai ga gwiwar tsohona? Mu mun rubuta namu alkawari. Ku adana takardar nan, ku riƙe mu da ita. Ranar zaɓe a fito, maza da mata, a kamo hannun tsofaffi a kai su rumfa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.