Direban kamiyo a Amurka ya riga ni jin waƙar ɗan jihar Tawa

Wanga rubutu zai ɓata wa wasu abokan aikina rai, na sani. Amma da kaina zan fara, don haka kowa ya yi haƙuri ya kai ƙarshe kafin ya kira ni.

Ina da aboki tun muna kolej nan Maraɗi. Yanzu yana Amurka, a Greensboro inda ƴan Nijar ke da yawa, aikinshi tuƙin kamiyo. Dokarsu ta ba direba awa 11 na tuƙi, shi kuma tafiyar dare ya fi so, abokin hirarshi radiyo. In ya ji waƙar da ta kama shi sai ya kara waya ya ɗauko mini, har da ƙarar inji. Wani dare a 2021 ya turo mini guda, ya ce: "Animatair, ka san wanga?" Gitar ce mai gudu kamar an kunna mata wuta, ga ganguna, ga murya da Tamashek. Na saurara sau biyu, ban sani ba. Ya yi ta dariya, ya ce ɗan ƙasarku ne, Mdou Moctar, yanzun nan anka sa shi tsakanin wasu Amurkawa biyu, mai gabatarwa har ya faɗi Nijar. Sunan na san shi, waƙar ce ban taɓa ji ba. Ni da ake ba makirofo don in san waƙa. Mutumin ɗan jihar Tawa ne, maƙwabcinmu, amma sai da waƙarshi ta hau tauraron ɗan Adam ta sauka cikin kamiyo a wata ƙasa sannan ta iso kunnena.

Bari in yi bayanin radiyon da yake saurare, don ba irin tamu ba ce. Kamfani biyu ne da farko, XM da ya fara a 2001 da Sirius da ya biyo baya a 2002, sunka haɗe a 2008 sunka zama SiriusXM. Murya na saukowa daga tauraron kai tsaye zuwa ƴar eriya bisa rufin mota. Shi ya sa direba zai yi kwana biyu yana tafiya tasha ba ta ɓace mishi ba, ba kamar FM ɗinmu da ke fara shuuu tun ba ka kai Tasawa ba. Abonema ake biya duk wata, mutum sama da miliyan 30 na biya, kuma tashoshin kiɗan babu talla a ciki. Amurka da Kanada tauraron ke rufewa, nan ba ya kamawa.

Tasha uku abokina ke yawo tsakaninsu. Ta farko SiriusXMU, ta kiɗan indie, wato mawaƙa masu zaman kansu, waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku, Universal da Sony da Warner. Ta biyu ta punk ce. Punk kiɗan samari ne masu fushi, ya taso New York da Landan tsakiyar shekarun 1970, babu ado babu jan rai. Albam ɗin farko na ƙungiyar Ramones a 1976 waƙa 14 ne kuma bai cika minti 30 ba. Gaskiya ni da yawansu ciwon kai suke sa ni. Ta uku ita ce Outlaw Country, wadda Steven Van Zandt, mai kaɗa wa Bruce Springsteen gitar, ya kafa a 2004. Nan ake jin alt-country: waƙar ƙauyen Amurka, amma ta waɗanda manyan kamfanonin Nashville ba su so. Ana yawan ɗora farkonta ga albam ɗin Uncle Tupelo na 1990. Waƙoƙin bashi ne, da masana'antar da anka rufe, da auren da ya mutu, da doguwar hanya. Abokina ya ce ko bai gane kalma duka ba ya san mutumin bai ci riba ba ranar. Ita ce na fi so, don tana tuna mini mai gurmi in ya zauna shi kaɗai bayan an watse.

To mi ya sa mutane ke biyan kuɗi su ji radiyo alhali ga FM kyauta? A 1996 Amurka ta sassauta dokar mallakar tashoshi. Cikin ƴan shekaru kamfani guda, Clear Channel, ya tara tasha sama da 1,000. Jerin waƙoƙi ya koma ana tsara shi daga ofis mai nisa, waƙa kaɗan ana ta juya su safe da yamma, mai gabatarwa ya zama mai danna maɓalli. Sabon mawaƙi da babu babban kamfani bayanshi ya rasa ƙofa. Radiyon tauraron ta sami kasuwa a wannan giɓi: ta ɗauko mutane masu kunne, har da mawaƙa irin su Steve Earle da Marky Ramone, ta ba su lokaci, ta ce ku sa abin da kunka ga ya dace. Ban ce waliyyai ba ne. Kamfani guda ne da ya haɗiye abokin gasarshi, kuma shi ma yana da jerinshi da na'urorinshi. Amma mai saurare ya san in ya buɗe zai ji abin da bai sani ba, kuma wani mutum ne ya zaɓo shi ya tsaya bayanshi.

Yanzu mu dawo gida, nan ne zancen yake.

Mu babu kamfanin da ya saye mu, da hannunmu munka rufe ƙofar. Ku buɗe tasha biyar da la'asar ku gaya mini bambancinsu. Waƙar da TikTok ya riga ya gajiyar da mutane da ita, ita muke sawa. Waƙar fim ɗin Kano (ina sonta, kada a juya mini magana), sai waƙar yabon Alhaji wane. Ita ma ba mu barinta ta yi minti guda, mun danne ta da gaishe-gaishe: ana gaida ƴan fada kaza, ana gaida amarya da ango. Sau nawa kun ji animatair ya faɗi sunan mawaƙi, da garinsu, da wanda ya kaɗa mishi, kafin waƙa da bayanta? Makon jiya a fada wani abokin aiki ya faɗa da bakinshi, yana dariya, wai sabuwar waƙa ba ta hawa anten sai da ambulan. Kowa ya yi dariya, har ni. Shi ya hana ni barci, shi ya sa nake rubutun nan.

Abin da ke cikin ambulan muna ce mishi na goro ko kuɗin mai. Amurkawa payola suke ce mishi, kuma sun yi rigimarshi tun 1959. Shahararren mai gabatarwa Alan Freed ya rasa aikinshi a kai, a 1960 anka gyara doka: in an biya ka ka sa waƙa, dole ka faɗa wa mai saurare. Mu har yau ba mu yarda ma laifi ba ne.

Ku dubi yadda Mdou Moctar ya fita, ku ga aikin wa anka yi. Albam ɗinshi na farko, Anar, a Sakkwato anka ɗauke shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin Hausa. Waƙoƙin sunka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da kart memwar har Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinto ɗaya, ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones. Kamfaninshi Sahel Sounds shi ya fitar da Les Filles de Illighadad, ƴan matan wani ƙauye kusa da Abalak. A 2021 Matador, ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin indie na New York, ya fitar da Afrique Victime. Tal National na Yamai, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da su a 2013. Bombino na Agadas a Nashville ya ɗauki Nomad, garin country da kanshi, daga baya ya zama ɗan Nijar na farko da anka sa cikin ƴan takarar Grammy. Baƙo ya zo da kwamfuta yana tambayar samari mi ke cikin wayoyinsu. Wannan tambayar tamu ce. Mu muke zaune da samarin nan, mu muke shan shayi da su.

Na san amsoshin, na sha jin su.

Wani zai ce kiɗan Nasara ne, ina ruwanmu. Ban ce a sa punk da azahar mutane na kasuwa ba. Kalmomin wasu ma ba su shiga gidan mutunci. Kujerar nake magana a kai, kujerar mutumin da aikinshi ya saurari abu goma ya zaɓo guda ya ce ku ji wanga. Ita ce babu kowa bisanta a wurinmu. Masu ganin kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba, ba da su nake ba, ina girmama su, kuma su ba su karɓar ambulan a kanshi.

Wani zai ce mai saurare abin da ya sani yake so. To wa ya sanar da shi? Marigayi Sa'adu Bori ɗan Maraɗi ba da sunanshi a bakin mutane anka haife shi ba. Akwai ranar da babu wanda ya san shi, wani ya sa kaset ɗinshi, ya sake sawa gobe. Da a ce yau ya taso babu ko dala a aljihu, ina tsoron ko ƙofar situdiyo ba zai wuce ba.

Wani zai ce ba mu da kayan aiki irin nasu. Afirka ta taɓa samun radiyon tauraronta. WorldSpace ta Noah Samara, haifaffen Habasha, ta harba tauraron AfriStar a 1998, tun kafin XM ta fara. Akwatin ya yi wa talaka tsada, a 2008 kamfanin ya karye. Yau ko parabol ɗin da ke bisa rufin gidajenmu na ɗauke da tashoshin radiyo, wa ke buɗe su? Tauraro bai zaɓar waƙa.

Amsa guda ce ke da nauyi, ita ce ta kuɗi. Animatair da yawa albashinsu bai kai wata, wasu ma babu albashin, gidan radiyo na fama da kuran da gazuwal. Wanda ke bin bashin haya ba ka ce mishi ya mai da ambulan cikin sauƙi. Na yarda. To ka karɓa, amma ka buɗe baki ka ce wagga talla ce, mai ita ya biya. Sannan ka ware ko minti 15 a mako wanda babu kuɗin kowa ciki. Kuran ɗin da za ka ƙona kana maimaita waƙar da kowa ke da ita a wayarshi, shi ne dai za ka ƙona.

Na ce da kaina zan fara. Kafin saƙon abokina da wata bakwai, wasu samari uku sun same ni bakin ƙofa bayan emisiyo, sunka ba ni kart memwar naɗe cikin takarda da lambar waya. Ban tambaye su ko sisi ba, Allah shaida. Amma su ma ba su miƙo komi ba, sai kart ɗin ya shiga aljihun tebur ya kwanta. Da a ce da jika biyar tare da shi, da daren nan na saurare shi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Bayan dariyar da abokina ya yi mini na je na tono shi. Da waya sunka ɗauka, har zakara ana ji a baya. Gitar guda, kalangu guda, murya guda, waƙar wani abokinsu da ya tafi haƙar zinari Jado bai dawo ba. Gitar ɗin ba ta zauna daidai ba, amma na ji ta sau huɗu a jere.

Na kira lambar, ba ta shiga. Na sa waƙar a anten, ban yi magana bisanta ba har ta ƙare. Kira uku ya shigo. Ɗaya ya ce in cire in yi gaisuwa. Ɗaya ya tambayi su wane ne, ban da amsar da ta wuce abin da ke kan takarda. Ta uku wata dattijuwa ce, ba ta faɗi sunanta ba, ta ce ɗana, sake sa ta.

Kart ɗin na nan wurina. Daga wanga mako, daren Alhamis, minti 15 na ƙarshen emisiyo na sabuwar waƙa ne, kyauta, za a sa ta har ƙarshe da sunan mai ita. Ku kawo, ko da waya kunka ɗauka. In kuma akwai wanda ya san samarin nan uku, ɗaya dogo ne mai gitar ja, ya ce musu ina nemansu.