Daga Bakin Allo: Kafin Ka Sayi Jitarka Ta Farko

 A wannan wata zancenmu a kan jita yake, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya shida da samarinmu suka ƙwallafa rai a kansa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, aka rufe makarantu wata da watanni, wasu ma suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, sai Gadarif ta ƙara cika da baƙi, cikinsu har da makaɗa da ɗaliban kiɗa. Yaranmu suka gani, suka ji, sha'awa ta kama su. To, ga kaka ta ƙarato, mai yankan riɗi zai karɓi ladan guminsa, kuma na tabbata akwai waɗanda tuni suka ƙudura cewa jita za su saya.

Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne. Yawancin waɗanda ke fara koyon jita su watsar bayan wata biyu, suna cewa Allah bai ba su baiwa ba, alhali kuwa jitar da suka saya ce ta cuce su, ko kuma hanyar da suka bi. Wanda aka ba fartanya mai karkatacciyar ƙota ya kasa noma, ai ba za a kira shi rago ba. Kuɗi kuwa a wannan zamani ba abin wasa ba ne, wanda ya yi asarar na farko da wuya ya sami na biyu.

Da farko dai, a san cewa jita iri uku ce a kasuwa. Akwai mai tsirkiyar nailan, wadda siffarta ta yanzu ta fito daga hannun wani masassaƙi na ƙasar Sifen mai suna Antonio de Torres a ƙarni na 19. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta fi ƙara da amo. Sai kuma ta lantarki, irin wadda Sharhabil Ahmad, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, ya shahara da ita. Ta lantarkin nan ita ce ke ɗaukar idon samari, amma ba ta magana sosai sai an haɗa ta da na'urar ƙara sauti, na'urar kuma sai da wuta. Kowa ya san halin wuta a garin nan. Saboda haka mai koyo ya bar ta tukuna.

Tsakanin sauran biyun, shawarata ga ɗan koyo ita ce mai nailan. Dalili kuwa, tsirkiyoyin ƙarfe shida idan aka ɗaure su suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70 ko kusa da haka, na nailan kuwa wajen kilo 40 ne. Wannan bambanci a kan yatsa ake jin sa. Nailan ya fi taushi, wuyansa kuma ya fi faɗi, wajen milimita 52, ga na ƙarfe wajen 43, don haka yatsun da ba su saba ba sukan sami wurin sauka ba tare da sun taɓa maƙwabciyar tsirkiya ba. Amma wanda ransa ke kan amon ƙarfe, ba laifi ya saya, sai dai ya nemi siraran tsirkiyoyi. Abin da ba a yi shi ne a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar da aka ƙera don nailan. Wasu na yin haka don neman ƙara, kafin wata uku sai ka ga wuya ya lanƙwashe, ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, wanda masu garaya ke kira jaki, ya ɗago daga jikinta. Yaron da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba kuwa a nema masa ƙarama, wadda ake kira uku bisa huɗu.

To, an je wurin saye, me za a duba? Kada fenti ya ruɗe ka. Jita mai sheƙi da zanen fure tana iya zama kyan ɗan maciji. Sunan kamfani ma bai isa shaida ba. Gaskiya ne Yamaha C40 ta yi suna a duniya wajen masu koyo, amma ana buga sunayen manyan kamfanoni a kan kayan jabu. Kada kuma ka yarda da cinikin biri a sama, wato a turo maka hoto ta waya daga Bur Sudan ko Kasala ka tura kuɗi. Zuwa da kai ya fi aike, in kuma da hali ka tafi da wanda ya iya kaɗawa.

Ɗaga jitar ka sa ido daga kanta ka hango tsawon wuyan, kamar yadda kafinta ke duba katako. In ya murɗe ko ya yi doro, ajiye ta. Daga nan ka ƙirga 'yan ƙarafan da aka gindaya a wuyan, waɗanda za mu kira gaɓoɓi, har zuwa na 12. A nan ake auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe. A mai nailan kada ta wuce milimita 4 a kan tsirkiya mafi kauri, wato kamar kaurin tsinken ashana biyu a kan juna. A mai ƙarfe kuwa kada ta wuce 3. Wannan shi ne gwaji mafi muhimmanci, domin tsirkiya mai nisa ita ce ke yanka yatsa har mutum ya yanke ƙauna. Sai ka kaɗa kowace tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta bayan ka danne a gaɓa ta 12. Ya kamata murya ɗaya ce ta fito, sai dai ta biyun ta fi siranta. In sun saɓa, wannan jita ba za ta taɓa faɗin gaskiya ba, komai yadda ka saita ta.

Bayan haka ka gwada cusa gefen takarda ƙarƙashin jaki. In ta shige, gam ya fara saki. Ka ƙwanƙwasa jikin jitar a hankali da gaɓar yatsa, in ka ji wani abu na kaɗawa a ciki, ɗaya daga cikin katakan da ke tallafe da ita ya ɓalle. Ka murza kunnuwa shida da ake ɗaure tsirkiya da su, ka tabbata kowanne na juyawa kuma yana riƙewa. Jitar hannu, wato wadda wani ya yi amfani da ita, in ta ci waɗannan gwaje-gwaje ta fi sabuwar da ta faɗi. Kafin ka bar wurin ka sayi tsirkiyoyi saiti guda na ajiya, domin ba kullum ake samunsu a kusa ba.

Akwai kuma maganar da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita kamar mu ba, wato yanayin ƙasa. Masu ƙera jita sun fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa da damina iska jiƙe take sharkaf, da rani ta bushe ƙayau, a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40. Yadda baƙar ƙasarmu ke kumbura da ruwa ta tsattsage da rani, haka katako yake yi. Abin mamaki a nan shi ne, jita mai araha da aka yi fuskarta da falle-fallen katako da aka manne ta fi jure wannan hali a kan mai tsada ta katako guda. Ke nan talaka bai yi asara ba. A ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana da murhu. Ɗakin ciyawa irin namu ya fi mata ɗakin kwano. Kada a ɗaure ta a saman lori da tsakar rana, zafi na narkar da gam. In rani ya tsananta, a jiƙa ɗan soso a matse shi sosai, a sa cikin gidan sabulu mai huji, a ajiye cikin jakar.

Yanzu sai koyo. Yawancin darussan da yara ke kallo a YouTube da haɗa muryoyi uku ko huɗu a lokaci guda suke farawa, don rakiyar waƙoƙin Amurka da Ingila waɗanda yaron bai taɓa ji a gidansu ba. Hannu na wahala, kunne kuma bai san inda aka dosa ba. Mu a aji mun san ƙa'ida, daga abin da yaro ya sani ake kai shi ga wanda bai sani ba. Me yaron Gadarif ya sani? Kiɗan Sudan galibinsa a kan muryoyi biyar aka gina shi, abin da ake kira sullamul humasi, wato tsani mai hawa biyar. Haka yawancin kiɗan Hausa yake, haka na maƙwabtanmu Habashawa da ke bayan Gallabat. Wannan ne ya sa waƙoƙin Muhammad Wardi suka shiga zukatan mutane daga Habasha har Chadi da Nijeriya.

Ga wani abin sha'awa. Ana saita tsirkiyoyin jita daga mai kauri zuwa siririya kamar haka: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. In ka cire maimaicin Mi, saura biyar, kuma waɗannan biyar ɗin su ne ainihin tsanin nan mai hawa biyar. Wato jita tun ba a danna ta ba da harshenmu take magana. Gwada wannan a kan siraran tsirkiyoyi uku na ƙasa. Kaɗa ta uku a sake, sannan ka danne ta a gaɓa ta 2. Kaɗa ta biyu a sake, ka danne ta a gaɓa ta 3. Kaɗa ta ɗaya a sake, ita ma ka danne ta a gaɓa ta 3. Ka hau tsanin ke nan tun daga ƙasa har sama da yatsu biyu kacal. Yi ta hawa da sauka har hannu ya haddace, sannan ka ɗauki wata waƙa da ka sani tun kana goye, ko ta daka ce ko ta gaɗa, ka rera a hankali kana laluben muryoyinta. Ranar da ka tsinci waƙa ta farko da kanka, ba mai sake raba ka da jita. Haɗa muryoyi zai biyo baya, kuma zai zo da sauƙi.

Waɗanda suka yi fice a yankinmu na Afirka ta wannan hanya suka bi. Ali Farka Ture na Mali da ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara. Ya ga ana kaɗa jita a 1956 ya yi sha'awa, ya yi ta koyo da ta aro, bai mallaki tasa ba sai a 1968. Abin da ya yi shi ne ya kwashe kiɗan garinsu ya ɗora a kanta, har ya ci kyautar Grammy a 1995. Mdou Moctar na Nijar, wanda bahago ne, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Darasi a nan shi ne, wanda bai da kuɗi yanzu ya yi aro, ko samari uku su haɗa su sayi ɗaya mai kyau su riƙa karɓa-karɓa.

Game da lokaci, minti 20 kowace rana ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai. A yanke farcen hannun da ke danna tsirkiya. A saita jita kafin kowane zama, akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin wannan aiki ko babu intanet, domin wanda ya saba da karkatacciyar murya kunnensa yake ɓatawa. Kan yatsu zai yi zafi mako biyu zuwa huɗu kafin kanta ta fito, wannan ba ciwo ba ne. Amma in wuyan hannu ne ke zafi, a dakata a gyara riƙo. A riƙa kaɗawa a hankali ƙwarai, ana buga ƙafa don riƙe kari. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura kalma ga iyaye. Na san yadda al'adarmu ke kallon kiɗa, cewa sana'ar maroƙa ce, kuma malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa masu tsirkiya. Kowane uba shi ya san gidansa, kuma ina horon kowane yaro da ya nemi izini kafin ya shigo da jita gida. Sai dai mu tuna da A'isha Fallatiya, 'yar Hausawa haifaffiyar Kasala, ɗiyar malami, wadda ta fuskanci tsangwama lokacin da ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942. Ta rasu a 1974, ga shi har yau Sudan duka na alfahari da ita, mu kuma da ita muke buga ƙirji idan aka ce mu baƙi ne. Yaron da ke zaune a tsakar gida yana fama da tsirkiya, kun san inda yake, kun san da wa yake. A wannan zamani da bindiga ke neman samari ido rufe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A gindaya masa sharaɗi: salla a kan lokaci, karatu kafin kiɗa, ban da damun maƙwabta da dare. In ya cika, a bar shi ya koya.

Mu kwana nan. Masu tambaya ko ƙarin bayani su aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa a yi kaka lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.