Ba Kyaftin Glover Ne Ya Kawo Hausawa Kumasi Ba

Har yau akwai masu cewa tarihin Bahaushe a ƙasar Tonawa ya fara ne da bindigar Bature, wai Kyaftin John Glover ne ya kawo kakanninmu. Abin takaici, wasu 'ya'yan Zango ma suna faɗin haka cikin alfahari.

To, wane ne Glover? Hafsan sojan ruwan Ingila ne, an haife shi a 1829. Ya sami rauni a yaƙin Bama a 1853, ya bi Baikie zuwa Kwara a 1857, jirginsu ya farfashe kusa da Jabba. A 1863, yana riƙe da mulkin Ikko, ya tara bayin da suka tsere daga iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ɗora musu bindiga, aka raɗa musu suna Hausawan Glover. Ku lura da sunan nan: mutum ya kuɓuta daga wani ubangida, sai a jingina shi ga wani. Ba ƙauna ce ta sa ya zaɓe su ba. Baƙi ne da ba su da dangi a bakin teku, za su harbi duk wanda aka nuna musu.

A yaƙin 1873 zuwa 1874 ya taso da su ta Kogin Volta. Ko da ya iso Kumasi a watan Fabrairu, Wolseley ya riga ya ƙone birnin Kofi Karikari ya juya. Toka Glover ya tarar, ya ratsa ta ya wuce. Daga baya aka naɗa shi gwamna a Newfoundland, ya rasu a Landan a 1885. Wane zango ya kafa?

Gaskiya ne Zangon da muka sani ya bunƙasa ne bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896, kuma sojojin Hausa sun tsare ganuwar da ke Adum lokacin yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Wannan ba a ɓoye shi. Amma ayarin Gwanja ya girmi kakan Glover. Fataken Kano da Katsina suna ɗaukar goron Tonawa daga Salaga tun babu barikin soja ko ɗaya a ƙasar nan. Bowdich da ya zo a 1817 ya iske malamai Musulmi a fadar Osei Bonsu, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. A ranar nan saura shekara goma sha biyu a haifi Glover.