Gadar Kennedy ta Yamai: a duba tsohuwa tun tana tsaye

Duk wanda fatauci ko aikin gwamnati ya taɓa kai shi Yamai ya san gadar Kennedy. Amma kaɗan ne ke tambayar shekarunta, balle lafiyarta.

Kafin a gina ta, jirgin fito ne da kwale-kwale ke ƙetarar da mutane da motoci a kogin Isa. A shekarar 1970, zamanin shugaba Diori Hamani, aka buɗe gadar, wadda aka gina da taimakon Amurka, aka raɗa mata sunan marigayi shugaba John Kennedy. Tsawonta mita 710 ne. Albarkacinta Harobanda ta tashi daga ƙauyuka ta koma gari, jami'a ta zauna a wannan gaɓar, hanyar Say da ta Torodi zuwa Burkina Faso suka haɗu da tsakiyar birni. A nan ne kuma, ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga, uku suka rasu, lamarin da ya gaggauta zuwan taron ƙasa na 1991.

Shekara 40 ita kaɗai ke ɗauke da nauyin birnin. Sai a 2011 aka buɗe gada ta biyu wadda Sin ta gina, a 2021 kuma ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. Sun rage mata cunkoso, amma ba su rage mata tsufa ba.

Gada ba ta mutuwa dare ɗaya. Rairayi da leda su toshe ramukan da ruwan sama ke bi, ruwan ya kwanta, ya tsiyaya cikin siminti har ya cim ma rodi. Rodi in ya yi tsatsa sai ya kumbura, ya fasa simintin da ke lulluɓe da shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma mahaɗan da aka bari tsakanin sassan gada domin ta miƙe da zafin rana, ta takure da sanyi. In ƙasa ta cika su, gada ta rasa wurin motsi. A ƙarƙashi kuwa, kogin na cika sau biyu a shekara, da damina da kuma lokacin ɗari in ruwan Gine ya iso, yana zaizayar gindin ginshiƙai inda ido ba ya gani. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun nuna ƙarfinsa.

Saboda haka kira biyu gare mu. Ga ma'aikata: a ware kuɗin dubawa da gyara kowace shekara, a share magudanai kafin damina, a binciki ginshiƙai bayan ruwa ya janye, a kuma sanar da jama'a abin da aka gani. Ga ƴan kasuwa da masu manyan motoci: tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta iyakance nauyin lodi. Wanda ya ƙara buhu ɗari bisa ƙa'ida ya ci ribar tafiya ɗaya, amma gadoji da gudron da shi kansa zai bi gobe ne ke biya.

Maganar ba ta Yamai kaɗai ba ce. Gadojin da ke kan gulbin Maraɗi da koramun Tawa da Damagaram su ma irin wannan kulawa suke jira. Kuɗin tsintsiya da fenti ba su kai na sabon gini ba, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya sa masu hannu a ciki su ji.